Fetur Ɗin Da Bai Ga Wuta Ba

Shafi na 17

Na ga saƙonninku tun jiya. Masu cewa Yaya shi ya jawo wa kansa, da masu cewa Auta ta cika rawar kai, kowa ya ɗan saurara. A bi shafin yau a hankali, kada a tsallake layi.

*

Kwana biyu ke nan da Abba ya kori Yaya daga gida, kuma takarda ɗaya ce ta jawo. Auta ce ta kawo ta.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta kimiyyar sinadarai haɗe da binciken laifuka, karatun da ake koya wa mutum yadda zai sa toka da ƙura su ba da shaida. Da shagon kafinta na Abba ya ƙone ƙurmus, ta ɗauko guntun ƙonannen katako daga bakin ƙofa ta kai ɗakin gwaji na sashensu. Na'ura ta ce akwai fetur a jikinsa. Ba a ajiye fetur a shagon. Yaya ne ya kulle ƙofa ranar, kuma shi ne ana gobe gobarar ya ce wa Abba, cikin zafin faɗa, da shagon nan zai ƙone da kowa ya huta.

Da safiyar Laraba, tun kafin ta gama ɓalla maɓallan farar rigarta, aka ce Malam Hatimi yana nemanta.

Malam Hatimi shi ke kula da ɗakin gwaji. Ɗalibai ne suka laƙa masa sunan, don ko tsinke ka kawo masa ba zai karɓa ba sai an liƙe shi a ambulan, an buga hatimi, an rubuta rana da lokaci da wanda ya riƙe. Mutum ne mai sanyin magana. Shekara huɗu Auta tana sashen, ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Ta same shi a ƙuryar ɗaki, gefen babbar na'urar da ke tantance sinadarai. Littafin da kowa ke rubuta aikinsa kafin ya kunna ta yana buɗe a gabansa. Ya amsa gaisuwarta a gajarce, ya nuna mata kujera.

Ya ce ya duba jerin samfuran aikinta na kammala karatu, wanda malaminta ya sa wa hannu, guda goma sha ɗaya ne. A littafi kuma ya ga sha biyu.

Ta ce maimaici ne, na tara ne bai fito da kyau ba ta sake.

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Na tara tsumma ne, ni na yanka miki shi. Na sha biyu katako ne, ga ragowarsa can a gwangwani. 'Yar nan, kada mu buɗe safiya da ƙarya."

Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta juye ta zama fushi. Ta ce daga gobarar shagon mahaifinta ne, maganar gida ce. Ta ce minti arba'in kacal ta kunna na'urar, ba ta ɓata komai ba, ta bi duk matakan da aka koya musu, kuma sakamako ya fito ƙarara. In laifin rashin neman izini ne, ta ɗauka.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya jawo takardu biyu ya jera a kan tebur.

Ga wanda bai san aikin ba: fetur ba abu ɗaya ba ne, gaurayen sinadarai ne masu yawa. Wasu ba su da nauyi, da sun ji zafi sai su tashi su bi iska. Wasu masu nauyi ne, su ke daɗewa. Na'urar takan zana kowanne a takarda, layi mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto, marasa nauyin a farko, masu nauyin a ƙarshe.

Malam Hatimi ya ɗora yatsa a kan takarda ta farko.

"Wannan samfurinki ne na huɗu, tsumman da muka zuba wa fetur muka ƙona a bayan sashe. Ina haƙoran farko?"

"Sun zube."

"Me ya zubar da su?"

"Zafi."

"Madalla. Dubi na sha biyu."

Kafin yau ta kalli takardar nan ya fi sau ashirin. Ita ta ɗaga ta a tsakiyar falo, a gaban Abba da Umma da Yaya. Amma abin da ta je nema kaɗai ta gani. Yau ne ta ga haƙoran. Suna nan reras, tun daga na farko, ko ɗaya bai gutsure ba.

Ya tambaye ta tsawon lokacin da shagon ya yi yana ci. Ta ce kusan awa uku.

"Awa uku. Rufi ya rufta, ƙarfe ya lanƙwashe, amma fetur ɗinki ko gumi bai yi ba."

Ba ta sare ba tukuna. Ta ce ai a littafi an ce wani lokaci fetur kan shige cikin tsagar katako ko ƙarƙashin daɓe, wuta ta wuce ba ta taɓa shi sosai ba. Ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, yana faruwa, kuma ya ji daɗi da ta tuna. Ya ce shi ya sa ba a yanke hukunci da takarda ita kaɗai. Ta ba shi labarin katakon tun daga inda ta ɗauke shi.

Nan bakinta ya fara nauyi.

Ta ce ranar Asabar da safe ta je shagon, washegarin gobarar. Ba ta da gwangwanin da ake rufe samfur a ciki a gida. Ledar da ta sayo sabulu a ciki ce a jakarta, ita ta zazzage ta sa katakon ta ƙulle. Ɗakin gwaji ba ya buɗewa sai Litinin. Ta ji tsoron kada Umma ta gani ta ɗauka shara ce ta zubar, sai ta ɓoye ledar a ɗan ɗakin da ke bayan gida, inda ba kowa ke shiga ba.

"Me ake ajiyewa a ɗakin?"

Ta kau da kai.

"Da ke nake."

"Janareta."

"Da me?"

"Da jarkarsa."

Malam Hatimi ya cire tabarau ya ajiye. Ya rufe littafin da ƙarfin da ya sa ɗalibai biyu da ke wanke kwalabe a ƙarshen ɗaki suka tsame hannu suka fice.

"A shekararku ta biyu, makon farko, me na ɗaga a gabanku na ce ita ce babbar abokiyar gabar mai binciken gobara?"

"Leda."

"Don me?"

"Tururi yana ratsa ta."

"Ta wane ɓangare?"

"Daga ciki ya fita, daga waje ya shiga."

Ya tambaye ta gwangwani fanko da ake ajiyewa kusa da samfur a gwada su tare, don a san ko wurin ajiya ya gurɓata shi. Babu. Ya tambayi wani katakon daga wani lungun shagon da za a kwatanta da shi. Babu. Takardar da ake rubuta hannun da samfur ya bi da inda ya kwana, ita ma babu.

"To ba shagon mahaifinki kika gwada ba. Ɗakin janaretanku kika gwada. Kuma ina taya ki murna, akwai fetur a cikinsa."

Ta sunkuyar da kai. Ya ɗan lafa, ya mayar da tabaransa, ya ce kowane ɗalibi yana kuskure, shi ya sa ake koyo da tsumma ba da rayuwar mutane ba. Sai ya tambaya, kamar wanda ya tuna wani abu, ko akwai wanda ya ga takardar ban da ita.

Ta gaya masa. Ta gaya masa yadda ta tara su a falo ranar Litinin da yamma... a'a, ta gyara, ranar Lahadi ta fara faɗa wa Abba tana da zargi, Litinin ta kawo takardar. Yadda Abba ya miƙe ya nuna wa Yaya ƙofa, ya ce kada ya sake kiransa uba. Yadda Yaya ya fita da rigar jikinsa kaɗai.

 Da Malam Hatimi ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa fiye da da, kuma hakan ya fi tsawa tsoratar da ita.

"Shekara ashirin da biyu ina ɗakin nan. Ban taɓa cewa wane ya aikata ba. Na'ura ba ta san sunan kowa ba. Iyakarta ta ce ga abin da ke cikin gwangwani. Ke kika ɗauki sunan ɗan'uwanki kika liƙa."

Ta ce to yanzu ai takardar ta wanke shi.

"Ba ta wanke shi ba, ba ta kama shi ba. Ba ta ce komai ba. Kada ki je ki sake sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba."

Ya ce zai rubuta wa shugaban sashe abin da ya faru, ba zai rage ba, ba zai ƙara ba. Wannan tsakaninta da su ne, kuma na gobe ne. Na yau shi ne ta cire farar rigar nan ta rataye, ta je ta kwance abin da ta ɗaura.

*

Yaya yana garejin wani abokinsa bakanike, bayan tashar manyan motoci. Dama kanikanci yake so tun yana ƙarami, shi ne tushen faɗansa da Abba, wanda ya dage sai ya gaji shagon. A wata tsohuwar bas da ba ta da taya yake kwana.

Ta hango shi tsugune gaban kwano, yana wanke wasu ƙarafa. Ya rame. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa, ta yi baƙi ƙirin da mai.

Ya gan ta tun daga nesa, bai miƙe ba.

"Ja baya, Farfesa. Fetur ne a hannuna, kada ki sa a ɗaure ni."

Ta tsuguna ta gaishe shi. Bai amsa ba. Ta ce ta zo da magana. Ya ce wadda ta kawo rannan ma ai bai gama narkar da ita ba.

Ta dai faɗa. Ta faɗi ledar sabulu, da ɗakin janareta, da haƙoran da ba su zube ba. Ta yi ƙoƙari ta tsara shi yadda zai gane, amma rabin maganar kuka ya cinye. Ya ci gaba da gurza ƙarfen da buroshi har ta kai ƙarshe.

Sannan ya ajiye buroshin.

"Leda."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"A kan ledar sabulu na zama ɗan da ya ƙona shagon ubansa."

Ya miƙe tsaye. Ya ce ko ta san cewa jiya wani mai mota ya kira abokinsa gefe ya ce ya riƙa kulle jarkoki tunda ya ajiye irin wannan a gareji? Ko ta san matar da ke sayar da abinci a bakin tasha, wadda ta san su tun suna yara, yanzu in ya zo sai ta kau da kai ta miƙo masa kwano? Ya ce labarin ya riga shi zuwa duk inda zai je, kuma kowa da hujja ɗaya: ai ƙanwarsa ce ta gano, ita da ke jami'a.

"Da wani ne ya faɗa, da an ce ƙiyayya ce. Ke kika faɗa."

Ta ce ita ma ranta ne ya ɓaci, ta ga Abba zaune cikin toka yana tono kan gudumar kakansu, ga kuma maganar da shi Yayan ya yi ana gobe gobarar. Ta ce me ya sa ma bai tsaya ya kare kansa ba?

Nan ya yi dariya, irin wadda babu daɗi a cikinta.

"Na ce ban yi ba. Sau ɗaya. Kin tuna abin da kika ce? Kika ce, Yaya, mutum yana ƙarya, na'ura ba ta yi."

Ta tuna. Har yadda ta riƙe takardar ta tuna.

"Ɗakinki yana kallon nawa. Taku biyar ne. Kin ɗauki katako kin shiga mota biyu kin kai wa na'ura ta gaya miki ko ni wane ne, amma taku biyar ya gagare ki."

Ya ce teburin da take karatu a kai tun tana sakandare, wa ya yi shi? Ta ce shi. Ya ce ranar da za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, ruwa yana zuba, wa ya goya ta a babur ya tsaya a bakin ƙofa har ta fito? Ta ce shi. Ya ce ba gori yake mata ba, so yake ya san ko a cikin duk darussan da ake koya musu akwai wanda ake cewa a tambayi mutum kafin a rataye shi.



Ta roƙe shi ya zo su je gida tare, ta faɗa wa Abba a gabansa, kamar yadda ta faɗi na farkon a gabansa.

Ya koma ya tsuguna ya ɗauki buroshinsa.

"Ban kori kaina ba. Wanda ya kore ni ya san hanyar garejin nan."

Ta tsaya har ƙafarta ta gaji. Bai sake ɗagowa ba. Da ta juya za ta tafi, ta ji ya ce, ba tare da ya dube ta ba, ta bi ta gefen dama, akwai baƙin mai a ƙasa, kada ta zame.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Abba yana falo, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, ya jera abin da ya tsira daga shagon: kan guduma biyu, ruwan zarto da ya murɗe, da wasu ƙarafan da ba a gane su. Yana goge su da tsumma ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyar ke nan aikinsa ke nan. Umma tana kicin, ana jin motsin tukwane.

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ta riga ta shirya maganar a mota, don haka wannan karon ba ta yi kuka ba. Ta faɗa a tsare, daga leda har zuwa abin da Malam Hatimi ya ce. Ta ce takardar ba hujja ba ce, ba ta taɓa zama hujja ba, laifinta ne ita kaɗai. Ta ce ta je ta ga Yaya, yana kwana a cikin mota. Ta roƙi Abba ya aika a kira shi.

Ta zaci zai yi mata faɗa. Ta zaci ma zai iya marinta, ta kuma shirya. Ta zaci bayan faɗan zai sauke ajiyar zuciya, don wane uba ne ba zai so a ce masa ɗansa bai ƙona shi ba?

Abba bai daina goge ƙarfen ba.

"An gama wannan maganar."

Ta ɗauka bai fahimta ba, ta fara sabon bayani. Ya katse ta. Ya ce ita da bakinta ta ce na'ura ba ta ƙarya. Ta ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta faɗa, ita ce ta ba ta gurɓataccen abu. Ya ce shi bai san wannan ba, shi ya ga takarda da tambarin jami'a. Ta ce tambarin a jikin kowace takarda yake, ko farar da ba a rubuta komai ba.

Ya buga kan gudumar a tebur.

"Rannan ki ce fari, yau ki ce baƙi. Ni abin wasanki ne? Yaron da ya buɗe baki ya yi wa shagona fatan wuta, ko takarda ko ba takarda, na gama da shi."

Ya ce ta tashi ta ba shi wuri.

Auta ba ta taɓa musu da Abba ba. Ita ce 'yar lelensa, ita yake nuna wa abokansa ya ce ga wadda za ta riƙa kama ɓarayi da kwalba. Amma yinin nan gaba ɗaya ana zuba mata zafi a ƙirji, kuma yanzu ya cika.

Ba ta tashi ba.

"Abba, na kawo maka labarin da ya ce ɗanka mugu ne, ka karɓa kafin in rufe baki. Ko tambaya ɗaya ba ka yi min ba. Yau na kawo maka wanda ya ce wataƙila ba shi ba ne, kana korata. Me ya sa kake so ya zama shi?"

"Ni kike tuhuma?"

"Tambaya nake yi. Ita na kasa yi rannan."

Ya miƙe. Ya ce ashe abin da ake koya musu ke nan, su tsare iyayensu kamar masu laifi. Ya ce in ta ƙara kalma ɗaya za ta bi ɗan'uwan nata, su haɗu a can su buɗe ofishin bincike.

Motsin tukwane ya tsaya.

Umma ta fito, hannunta jiƙe da ruwa, ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Tun ranar gobarar ba a ji ta ce uffan a kan maganar ba. Ko ranar da aka kori Yaya, bango ta juya ta kalla.

"Abbansu, ya isa."

Ya ce ta koma aikinta.

"Na koma aikina ranar Juma'a. Na koma ranar Litinin. Ka ce in ba ka kwana biyu ka samu bakin faɗa, na ba ka. Ɗaya ya tafi ina kallo. Ba za ka haɗa min da ta biyu ba."

Auta ta dubi Umma, ta dubi Abba. Ba ta gane ba.

"Ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

Abba ya buɗe baki kamar zai yi tsawa.  Ya koma ya zauna a hankali, kamar wanda aka zare wa ƙashin baya. Ya ɗauki tsumman ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa.

Da ya fara magana, da tebur yake yi.

Ya ce ranar, bayan Yaya ya kulle ya tafi, shi ya koma shagon da nasa mabuɗin. Akwai kujerar wata mata da ya yi alkawarin gamawa, ƙafa ɗaya ta rage a manna. Ya ɗora gwangwanin gam a kan ƙaramin murhun lantarki don ya narke. Bai yi minti biyu ba aka ɗauke lantarki. Ya jira, ya gaji, ya kulle ya taho gida.

Bai kashe murhun ba. Ya bar shi a kan benci, garin katako ta ko'ina.

"Ina zaune a nan, a kujerar nan, fanka ta fara juyawa. Na ce alhamdu lillahi an dawo da lantarki. Ban tuna ba. Sai da aka zo ana buga ƙofa."

Auta ta ɗago ta dube shi.

"Tun ranar ka sani."

Bai musa ba. Ya ce shekara da shekaru yana yi wa Yaya faɗa a kan murhun nan, yana ce masa sakarai, wata rana sai ya ƙona su. Da wane baki zai tsaya a gabansa ya ce shi ne? Ya ce kullum yana cewa gobe. Sai ga ta ta shigo da takarda.

"Da kika ce fetur, na ce to wataƙila ba murhun ba ne. Na so ya zama ba murhun ba ne."

"Sai ka ba da Yaya."

"Auta..."

"Ni na yi kuskure, Abba. Ban sani ba na yi. Kai kana sane ka karɓi kuskurena ka ɓuya a bayansa, ka bar ni ina yawo da shi a ka."

Muryarta ta tashi har ta ji ta a bango. Ta juya ga Umma, za ta tambaye ta yadda ta iya haɗiye wannan kwana biyar.

Amma Umma ba ita take kallo ba. Ƙofar falo take kallo, hannunta a kan baki.

Labule a ɗage yake.

Yaya ne tsaye, da baƙar rigarsa, mai har gwiwar hannu. Babu wanda ya ji shigowarsa, babu wanda ya san tun yaushe yake wurin.

Ya saki labulen. Ya tako har gaban tebur, ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar Abba.

"Kana maganar murhun na shigo," in ji shi, a hankali. "Koma farko, Abba. Ka dube ni ka faɗa."